Rukunonin bakteriya da aikinsu a kudancin Kano

Bakteriya wasu ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya, waɗanda ba a iya ganinsu sai da na'urar hangen ƙananan halittu. Yawancinsu ba su wuce maikiromita 0.5 zuwa 5 ba, alhali milimita ɗaya na ɗauke da maikiromita 1,000. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya fara ganinsu a wajajen shekarar 1676. Da Hausa akan kira su ƙwayoyin cuta, amma kaɗan ne daga cikinsu ke sa cuta. A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda noma da kiwo ne manyan sana'o'i, akwai hannun bakteriya a albarkar gona, a abinci, da kuma a wasu annoba.

Yadda ake rarraba su

Ta fuskar siffa, akwai masu zagaye, akwai masu kama da ɗan sanda, akwai masu lanƙwasa kamar waƙafi, akwai kuma masu murɗiya. A shekarar 1884 Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya ƙirƙiro hanyar rina su. Masu kaurin bango suna riƙe launin shunayya, masu siririn bango kuma su koma ja-ja. Har yanzu ɗakunan gwaji na asibiti suna amfani da wannan rini domin zaɓen maganin da ya dace. Haka nan wasu ba sa rayuwa sai da iskar oksijin, wasu kuma ita ce ke kashe su. Rukunin Bacillus da Clostridium kan ƙulle kansu cikin ƙwarya mai tauri, su yi shekaru a busasshiyar ƙasa ba su mutu ba.

A cikin ƙasa da ruwa

Idan aka tumɓuke wake, gyaɗa ko waken suya, za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Gidajen bakteriya ne na rukunin Rhizobium da Bradyrhizobium, masu ɗaukar naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, ita kuma shukar ta ba su sukari. Idan aka fasa ƙullin aka ga cikinsa ja-ja, alamar yana aiki ce. Wannan ne dalilin da ya sa masara ke yin kyau a gonar da aka noma waken suya bara, kuma shi ne amfanin tsohuwar al'adar haɗa wake da dawa a gona ɗaya. Cibiyar binciken noma ta IITA tana sarrafa wani gari mai suna NoduMax, mai ɗauke da waɗannan bakteriya, wanda ake cakuɗawa da irin waken suya kafin shuka.

Rukunin Streptomyces na ruɓar da ganye da kara su zama taki, kuma su ne ke ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan farko. Daga gare su aka samo maganin streptomycin a 1943, wanda ya zama maganin farko mai tasiri kan tarin fuka. A ruwan da ke kwance, irin na madatsar Tiga da ke Bebeji da fadamun shinkafa, akan sami sayanobakteriya, masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai.

A abinci da jikin dabbobi

Nono da kindirmo suna tsami ne saboda bakteriya irin su Lactobacillus, masu mayar da sukarin madara ya zama tsami. Tsamin nan ke hana madarar saurin lalacewa. Danginsu ne kuma ke tsamar da kamu. Ita daddawa aikin Bacillus subtilis ce: bayan an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu zuwa uku, sai ta yi laushi ta fitar da warinta sananne. A tumbin saniya, tunkiya da akuya akwai bakteriya marasa son iska da ke narkar da ciyawa da kara. Ba don su ba, dabbar ba za ta amfana da kiwo ba.

Masu sa cuta

Vibrio cholerae ke haddasa kwalara, wato amai da gudawa, ta hanyar gurɓataccen ruwa, musamman da damina. Neisseria meningitidis ke kawo sanƙarau a lokacin bushewa da zafi. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Cutar mashaƙo, wadda Corynebacterium diphtheriae ke kawowa, ta ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce kuma ta fi yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14 tana kare su daga ita. A shanu kuwa, kirci da ciwon huhu duk bakteriya ke kawo su.

Magani da bijirewarsa

Magungunan antibayotik bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba sa aiki kan ƙyanda, shan-inna ko mura, domin bairos ke kawo su. Shan su ba da umarnin likita ba, ko bai wa dabbobi barkatai, yana sa bakteriya su daina jin magani. An ƙiyasta cewa irin wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019.