Gizo Daga Bakin Kaka Zuwa Takarda



A shekarar 2002 wani marubuci ɗan Amurka, Bill Willingham, ya fara fitar da jerin littattafan zane mai suna Fables. Ya kwaso taurarin tatsuniyoyin Turawa, ya ce yaƙi ne ya koro su daga ƙasashensu, suka ɓuya a birnin New York cikin kamannin mutane. Kerkecin da ya addabi kowa a tatsuniya shi ya zama mai tsaron doka a unguwarsu. Sai da aka yi fitowa 150 kafin a dakata a 2015. Da yawa cikinmu in mun ji irin wannan sai mu ce kai, Bature da dabara yake. Alhali kuwa an yi makamancinsa a Zariya tun ba a haifi Willingham ba.

Amma bari mu faro daga tushe. Mu da muka tashi a Garo da ƙauyukan Kabo da Gwarzo, a bakin kakanni muka san Gizo da Ƙoƙi da Botorami, bayan sallar isha'i, don an ce mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi. Shigarsu takarda kuwa ta hannun baƙi ta biyo. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, da labaran da ya ji daga bakin Dorugu. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, a Belfast. Malamai ne suka rubuta su da ajami, yawanci a Sakkwato, Edgar ya mayar da su boko, sunansa kuma shi ne a bango. Wannan ya isa ya tsaya mana a rai.

Duk waɗannan taskacewa suka yi. Wanda ya ɗauki tsohon labari ya ɗinka masa sabuwar riga shi ne Abubakar Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, Rupert East ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, daga nan Magana Jari Ce ya fito, juzu'i uku, daga 1937 zuwa 1939. Mu duba labari ɗaya. A tatsuniyoyin Jamusawa na Grimm akwai wata kuku da ta cinye kaji biyu da aka gasa wa baƙo, ta ce wa baƙon maigidan kunnuwansa zai yanke, ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Imam ya cire kukun, ya mayar da su miji da mata, Kalala da Kalalatu. Canjin kamar ƙarami, amma da shi labarin ya shigo tsakar gidan Bahaushe, har yau akwai masu rantsuwa cewa namu ne tun kaka da kakanni.

To ina Gizo a duk wannan? Ibrahim Yaro Yahaya ya kai shi aji da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Bukar Usman ya tara Taskar Tatsuniyoyi daga baya. Aiki ne na a yaba. Sai dai mu masu ƙirƙira mun bar Gizo inda kaka ta ajiye shi, muna ta gidan attajiri da kishiya. Ɗan uwansa Ananse na mutanen Akan ya haye teku har Jamaika, har Neil Gaiman ya gina littafi a kansa a 2005.

Kuma Gizo ba shi da mai shi. A 2023 Willingham ya saɓa da kamfanin DC, ya ce ya sakar wa duniya Fables, kamfanin ya ce bai isa ba. Mu babu wanda zai maka mu kotu in mun sa Gizo dillanci a kasuwar Gwarzo, Ƙoƙi na binsa bashin kuɗin adashi. Wahalar da za mu tarar ita ce tsamin bakinsa. Kaka da murya take yinsa, mu kuwa sai mun nemo yadda za mu rubuta shi mai karatu ya ji shi a kunne, bai ɗauka kuskuren buga rubutu ba ne.