Daidaitawa

daidaitawa: suna, jinsin mace, daga aikatau daidaita. A ilimin sararin samaniya, gwada na'urar tauraron ɗan'adam mai auna hasken da ƙasa ke mayarwa, da wani tabbataccen ma'auni, don a gyara kuskurenta.

Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972. Da hotunansu ake iya kwatanta yankin Beli da Rogo kafin a kammala dam ɗin Challawa na Ƙaraye a 1992 da kuma bayansa: ina ruwa ya ci, ina itatuwa suka ragu. Sai dai na'ura tana tsufa, idonta ya dushe, sabuwa kuma ba ta gani daidai da tsohuwa. In ba a daidaita su ba, sai a ɗora wa fari laifin na'ura. Wani zai ce ai an gwada ta kafin a harba. Haka ne, amma girgizar roka da zafin rana suna taɓa ta, kuma mudun da ya lotse ba a yarda da awonsa. Shi ya sa ake yawan gwada na'urorin da rairayin Sahara a Libiya da Nijar, inda hasken ƙasa ba ya sauyawa sosai.