Mai Gadin Batir: Tarihin Ƙaramin Akwatin da Ke Ƙonewa a Jikin Babur

Duk ɗan acaɓar da ya taɓa sauya batir sau biyu a wata guda, ko ya ga ƙwan fitilarsa ya ƙone da zarar ya murza wuta, ya gamu da wata matsala da ta girme shi. Mai laifin sau da yawa wani ɗan akwati ne mai haƙarƙarin ƙarfe, wanda makanikai ke kira rektifaya. Sanin asalinsa shi ne rabin gane ciwonsa.

Tushen zancen shi ne batir. A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin darma da ruwan asid, wanda har yau babura ke amfani da jikokinsa. Wannan batir yana da tsiya guda: idan aka ba shi wuta kaɗan sai ya mutu, idan aka cika masa sai ruwansa ya tafasa ya ƙafe. Injin babur kuwa ba ya tsayawa a gudu ɗaya, kuma wutar da yake haifarwa tana hawa da sauka tare da gudunsa. Dole a sami mai shiga tsakani.

Baburan Ingila na farkon ƙarni na 20 da tsakiyarsa sun dogara ga dainamo, tare da akwati mai ƙananan harsunan ƙarfe da maganaɗisu ke buɗewa yana rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Girgiza da tsatsa suna cinye su, har mahaya suka yi wa kamfanin Lucas na Birmingham laƙabin Sarkin Duhu. A shekarun 1950 aka koma ga koyil da maganaɗisu mai juyawa, wanda ya fi ƙarko, amma wutarsa mai kai-da-komo ce, sai an miƙar da ita kafin batir ya karɓa. Daidaita ta kuwa makunnin fitila aka bar wa: in aka kunna fitila, sai ƙarin koyil su shiga aiki.

Mafita ta zo daga wani binciken kimiyya da Clarence Zener, Ba'amurke, ya wallafa a 1934. A tsakiyar shekarun 1960 Triumph da BSA suka fara ɗaura diyod mai ɗauke da sunansa, wanda yake barin wuta ta tsiyaye zuwa jikin babur da zarar ta wuce kima. Rarar wutar takan zama zafi, shi ya sa daga baya aka ɗaura shi a kan faranti mai haƙarƙari a ƙarƙashin fitilar gaba, inda iska za ta buge shi. Kamfanonin Japan suka haɗa aikin miƙarwa da na daidaitawa cikin akwati guda, suna amfani da tiristo, wanda General Electric ta fitar a 1957. Wannan tsari ne ya iso titunan Kano da Maraɗi a jikin Boxer da Jincheng.

Gadon da aka bar mana ke nan: na'urar da aikinta shi ne zubar da rarar wuta, kuma zafi ne ajalinta. Saboda haka hanya biyu take bi ta mutu. Ko dai ta daina zubarwa, sai fitilu su ƙone, batir ya kumbura yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ko kuma ta daina miƙarwa, sai haske ya dusashe, hon ya shaƙe, sitata ta ƙi juyawa.

Mita ce ke raba gardama. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yakan nuna kusan 12.6 idan injin yana kashe. A tayar da injin a ɗan ƙara wuta: ya kamata mita ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. In ta haura 15 tana ci gaba da hawa, akwatin ya saki aikinsa, ko kuma wayarsa ta jikin babur ta saki. In ta maƙale ƙasa da 13, kada a yi gaggawar yanke hukunci. A zare soket a duba ko ya yi baƙi ko ya narke, sannan a auna wutar da ke fitowa daga koyil, wadda ya kamata ta riƙa hawa tare da gudun injin. Idan koyil na bayarwa, wayoyi kuma lafiya lau, to, a lokacin ne laifi ya tabbata a kan rektifaya.

Wanda ya tsallake wannan awo ya sayi sabon batir, ya yi aikin baban giwa, domin mai gadin da ya kashe na jiya shi zai tarbi na yau. Minti biyar da mita sun fi arha a kan fitilar da za ta ɗauke a tsakiyar hanya cikin dare.