Wa Ke Raɗa Wa Laifi Suna?

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja kan yada zango a Paraku da Jugu, a arewacin Benin ta yau. A kan wannan hanya, 'ya'yan sarautar Bargu da ake kira Wasangari kan tare ayari bisa dawakai. In madugu ya biya fito ya wuce, in ya ƙi a kwashe kaya. A wurin fatake wannan fashi ne, a wurin Wasangari kuwa jarunta ce da ake yi wa kirari.

A 1963 masanin zamantakewa ɗan Amurka, Howard Becker, ya nuna cewa aiki kan zama laifi ne idan masu iko suka laƙaba masa sunan. Dubi Bio Gera, shi ma Bawasangare: da ya ja da Faransa a 1916, ɗan tawaye aka kira shi, aka kashe shi. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a Paraku.

Haka fetur ɗin kpayo da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya. Doka ta hana, amma ga shi cikin kwalabe a bakin titi, kowa na saye. Ranar da aka tashi kame kuwa, yaron da ke gadin kwalba ake fara damƙewa, mai tanka yana gida.