Madame Alfred Carrière: farin wardi mai hawa bango, da yadda ake renonsa a zafin Sabha

Madame Alfred Carrière sunan wani irin furen wardi ne da Joseph Schwartz, wani mai renon furanni a birnin Liyon na Faransa, ya fitar a shekarar 1879. Yana cikin dangin da ake kira Noisette, waɗanda aka samu daga auren wardin miski da wardin ƙasar Sin a kudancin Amurka. Daga wardin Sin ɗin ya gaji halin yin fure sau da yawa a shekara.

Furensa fari ne mai ɗan ja-ja a tsakiya, yana da ƙamshi sosai. Rassansa dogaye ne masu laushi, ƙayarsu kaɗan ce, kuma sukan kai mita shida idan sun samu ƙasa mai kyau. Ko da yake ana cewa yana hawa bango, ba ya kama bangon da kansa kamar yadda kabewa ke kama darni. Sai an ɗaure shi a jikin waya ko katako. Idan aka kwantar da rassan a gicciye, fure kan fito tun daga ƙasa. Idan aka bar su tsaye, sai can sama inda hanci ba ya kaiwa.

A Turai ana yabonsa saboda yana jure inuwa. Wannan halin ne ya fi amfani ga mai son shuka shi a Sabha, babban birnin yankin Fezzan, inda ƴan Nijar da dama ke aikin garka da kula da lambunan gidaje. Zafin bazara a can yakan wuce digiri 40, ruwan sama kuwa da ƙyar ake ganinsa. Bangon da ke kallon yamma yana ƙona ganye da fure, don haka a nemi gefen gabas, ko kusa da inuwar dabino, inda zai sha hantsi ya tsira daga ranar azahar. Dashe sai da sanyi, tsakanin Nuwamba da Janairu.

Gishiri ya fi rana yi masa illa. Ruwan rijiya mai zartsi yana busar da bakin ganye, kuma yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana tara gishirin ne a saiwa. Gara a ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi don ya wanke ƙasar, a haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Sabon ganye da ya yi rawaya alhali jijiyoyinsa na kore alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe.

Shekara biyu na farko ba a yi masa aski, sai cire busassun rassa kawai, domin a lokacin ne yake gina manyan rassan da za su ɗauki fure.