Birkin hannu: yadda yake aiki da yadda ake kula da shi a ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu

Birkin hannu shi ne abin da ke riƙe mota a inda aka ajiye ta bayan direba ya kashe inji ya sauka. A Sudan ana ce masa farmalat al-yad, a Nijar da Chadi da Kamaru kuma an fi jin sunansa na Faransanci, frein à main. Birkin ƙafa yana aiki ne da mai ko iska, kuma dukansu biyu suna iya tsiyayewa. Shi kuwa birkin hannu ƙarfe ne ke riƙe ƙarfe, ta hanyar waya ko sanda ko sifirin. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar motoci ta shar'anta hakan: dole mota ta kasance da birkin ajiya da zai riƙe ta a kan gangare ko da tana ɗauke da kaya, kuma riƙon nasa ya zama na ƙarfe zalla.

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, ana yawan sakaci da wannan birki saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Amma laka da ruwa da rashin amfani suna kashe shi a hankali, ba a kuma gane ya mutu sai ranar da aka tsaya a bakin kogi.

Ƙasar da motocinta

Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki. Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903, shi ne ya kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar wajen 1906. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙarin mutanen Afirka ta Yamma suka zauna a matsayin manoma da ma'aikata. Masanin zamantakewa Mark Duffield, a littafinsa kan Mai Wurno da ya fito a 1981, ya nuna yadda sana'ar lori ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin arzikin garin.

Iri huɗu na abin hawa ne suka fi ɗaukar nauyin ƙauyukan. Akwai tsohuwar lorin Bedford da makanikan Sudan suka sake wa fasali suka raɗa mata suna sifinja. Akwai a-kori-kura ta Toyota da ake kira boksi, mai jigilar mutane da kaya zuwa kasuwa. Akwai tarakta mai jan tirela, sannan raksha mai ƙafa uku.

Filin Jazira yana gangarawa ƙasa da mita ɗaya a kowace kilomita, abin da ya sa ruwan noma ke tafiya da kansa cikin magudanai. Haɗarin yana a wurare ƙalilan ne: gaɓar kogi mai tsayi inda ake lodin kayan lambu da bulo, mashigin jirgin fito, kafaɗar manyan magudanai, hawan gada, da kuma hanyoyin kudu da Damazin wajen duwatsun Ingasana. A kan busasshiyar ƙasa mai tauri, gangaren kashi 2 cikin 100 ya isa ya motsa motar da ba a riƙe ba, kuma ido ba ya ganin irin wannan gangare. A gangaren kashi 10 cikin 100, lori mai nauyin tan 10 tana tura birkinta da ƙarfin da ya kai kusan tan ɗaya. Galibi waɗanda abin ke rutsawa da su ba sa cikin motar: masu lodi a bayanta, yaron mota a ƙarƙashinta, da yara ko dabbobin da suka fake a inuwarta.

Ire-iren birkin ajiya

Na waya. Shi ne a boksi da yawancin ƙananan motoci. Direba na jan mariƙi, wani ɗan harshen ƙarfe ya kama haƙora don kada ya koma, waya ta miƙe zuwa ƙarƙashin mota. Can wani ƙarfe ke raba jan gida biyu, zuwa tayoyin baya, inda lainin birki ke buɗewa ya manne da cikin duram. Wasu motoci masu birkin faifai a baya suna da ƙaramin duram na musamman a tsakiyar faifan don wannan aiki kaɗai.

Na bayan giya. A tsofaffin Land Rover da wasu manyan motoci, duram guda ne a bayan akwatin giya yake kama sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi. Yana da ƙarfi, amma yana da rauni ɗaya. Idan aka ɗaga taya ɗaya da jak, ko taya ɗaya ta zame a taɓo, motar tana iya tafiya alhali birkin na kame.

Na sifirin. A manyan motoci masu birkin iska, wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke danne birki, iska kuma ita ke ɗage shi. Idan iska ta ƙare, birkin kamawa yake yi.

Na tarakta. Ana haɗa fedojin birki biyu da sakata, a taka su, a kulle. Tireloli da yawa da ake ƙerawa a gida ba su da birki ko kaɗan, don haka duk nauyin yana kan taraktar.

Na lantarki. Ya fara fitowa a motocin kasuwa a 2001. Maɓalli ake dannawa, ƙaramin inji ya matse birkin. Idan batir ya mutu, sakinsa kan zama aiki. Harafin P na mota mai giya otomatik kuwa ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ke shiga haƙorin giya, ba a yi shi don ya maye gurbin birkin hannu ba.

Mizanin da masu ƙera motoci ke bi

Ƙa'ida ta 13 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan birki ta ce dole birkin ajiya ya riƙe babbar mota da cikakken lodinta a gangaren kashi 18 cikin 100, wato hanyar da ke hawa mita 18 a kowace mita 100, ko motar na fuskantar sama ko ƙasa. Idan tana jan tirela, mizanin kashi 12 ne. Ga ƙananan motocin fasinja kashi 20 ne. Wannan lissafi an yi shi ne a kan lodin da kamfani ya ƙayyade. Lorin da aka ƙara wa sifirin da bodi don ta ɗauki buhunan dawa ko riɗi fiye da ƙima, birkinta na nan yadda aka ƙera shi tun farko.

Abin da ke kashe shi

Laka. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai danƙo da damina. Daga Yuni zuwa Oktoba tana liƙewa a mahaɗan waya da ƙarafunan da ke bayan duram, idan ta bushe kuma ta yi tauri kamar siminti.

Ruwa da tsatsa. Idan robar bakin kuben waya ta yage, ruwa ya shiga ya kwanta a ciki. Wayar ta yi tsatsa, ko ta ƙi ja, ko ta ƙi sakewa. Wadda ta ƙi sakewa tana cin lainin, tana zafafa duram, tana kuma ƙara shan mai.

Ƙura. Guguwar habub tana cusa ƙura ko'ina. Idan ta haɗu da baƙin mai da wasu ke zubawa a waya, sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta riƙa cin silin wayar.

Man aksul. Idan sil ɗin aksul na baya ya lalace, mai ya jiƙa lainin. Wanke shi da fetur ba ya fitar da man da ya riga ya sha. Sai an sauya sil da lainin tare.

Rashin amfani. Birkin da ba a ja ba wata da watanni shi ya fi saurin cijewa. A wasu motocin ma jan birkin hannu ne ke motsa na'urar da ke matso da lainin kusa da duram yayin da yake cinyewa.

Sanyin ƙarfe. A motar da birkin hannunta ke matse faifai kai tsaye, faifan da ya yi zafi yakan ɗan tsuke idan ya huce. Motar da ta tsaya daram tana iya fara motsi bayan mintuna, direba kuma ya riga ya yi nisa.

Yoyon iska. Wasu tsofaffin tireloli iska ce kaɗai ke riƙe birkinsu. Darasi mafi tsanani a kan haka ya zo ne daga jirgin ƙasa. A daren 5 zuwa 6 ga Yulin 2013, kusa da Lac-Mégantic da ke lardin Kebek na Kanada, an bar jirgin ɗanyen mai a gangare ba tare da an ɗaura isassun birkunan hannu ba. Da aka kashe inji iska ta tsiyaye, jirgin ya gangara cikin gari, mutum 47 suka mutu.

Yadda ake gyara shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure goron waya da zarar mariƙi ya fara yin nisa. Daga taya ake farawa. A cire duram, a duba kaurin lainin, a tabbatar ƙarafunan ciki suna motsi, a daidaita tazarar lainin da duram. Bayan haka ne za a saita waya. Idan aka fara da waya, mariƙi zai yi tauri a hannu, amma riƙon ba zai ƙaru ba.

Littafin kowace mota yana faɗin yawan ƙarar haƙoran da ya kamata a ji kafin birkin ya kama sosai. A yawancin ƙananan motoci bai kai 10 ba. Idan mariƙi ya tafi har ƙarshe, ko kuma ya kan sauka da kansa idan an ɗan buge shi, gyara ya wajaba.

Wayar da silinta ya fara tsinkewa sauya ta ake yi, ba a ƙulla ta, ba a kuma yi mata walda. Lainin ana sauya na dama da na hagu tare. Giris kaɗan ake sa wa mahaɗai, a kuma kiyaye kada ya taɓa lainin. Ƙurar cikin duram ba a hure ta da baki ko da iskar famfo, domin tsofaffin lainin da yawa suna ɗauke da asbestos mai cutar da huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa.

Tukunyar birkin sifirin ba a buɗe ta a gareji. Sifirin da ke ciki yana da ƙarfin da zai iya kashe mutum idan ya kuɓuce, don haka ɗungurungum ake sauya ta. Tankin iska kuwa kullum ake zubar da ruwan da ya taru a cikinsa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wa lamarin nauyi. Wad Madani, babbar kasuwar kayan gyara ta yankin, ta kasance a hannun dakarun RSF daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, faɗa kuma ya kai Sinja a 2024. Duk motar da ta daɗe a ajiye, ko aka haɗa ta da kayan wata mota, tana bukatar a buɗe duram ɗinta a gwada wayarta kafin a ɗora mata lodi.

Yadda ake ajiye mota

Ƙwararrun direbobi ba sa dogara da abu ɗaya. Matakai huɗu ne, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa baya.

Na farko, a ja birkin hannu sosai ƙafa na kan birki, sannan a ɗaga ƙafa a hankali a ga ko motar za ta motsa.

Na biyu, a bar ta a giya: lamba ɗaya idan tana fuskantar tudu, ribas idan tana fuskantar gangare. Giya kaɗai ba ta isa ba, domin tsohon inji yana sakin matsinsa kaɗan-kaɗan motar ta riƙa ja da ciki. Tsohon injin dizal mai wayar kashewa ma yana iya tashi idan motar ta gangara alhali an mayar da wayar ciki.

Na uku, a karya sitiyari yadda idan motar ta motsa za ta nufi tudu ko bango, ta kauce wa ruwa da mutane.

Na huɗu, a sa weji a gefen gangare na tayar baya. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsayinsa ya kai kusan rubu'in tsayin tayar. Dutse yana da wuyar samu a Jazira, jan bulo kuma yana farfashewa a ƙarƙashin nauyi. Itacen gabaruwa, wanda ake kira sunut a Sudan kuma yake da yawa a gaɓar kogin, yana da taurin da ake bukata. Weji mai faɗin gindi ba ya nutsewa a laka, igiyar da aka ɗaura masa kuma tana sa yaron mota ya janye shi ba tare da ya cusa hannu kusa da taya ba.

Mai tarakta yana ƙarawa da sauke garma ƙasa, ya kuma sa wa tirela nata weji kafin ya kwance ta. Motar da ta ratsa ruwa, sai a ɗan taka birki ana tafiya har lainin ya bushe kafin a ajiye. Idan za ta yi makonni a tsaye a wuri mai daidai, an fi so a riƙe ta da weji da giya a saki birkin hannu, don kada lainin ya manne da duram.

Gwajin minti biyar

Kowane direba zai iya gwada birkinsa ba tare da na'ura ba. Ya nemi gangaren da babu mutane ko ruwa a ƙasansa, ya tsaya da lodin da ya saba ɗauka, ya ja birkin hannu, ya mayar da giya firi. Sai ya zauna a kujerarsa ƙafa na kusa da birki har minti biyar, yaron mota kuma ya ja layi a ƙasa daidai da taya. Daga nan ya juya motar ya sake gwadawa, domin birkin duram yakan fi riƙo ta fuska ɗaya. Idan taya ta ƙetare layin, motar gareji za ta nufa kafin ta je bakin kogi. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne gab da faɗuwar damina, da kuma bayan ɗaukewarta, kafin a fara kwashe amfanin gona.