Caffe Bene: Shagon Kofin Koriya Da Ya Bazu Duniya Kafin Bashi Ya Danne Shi

Masu kallon finafinan Koriya a waya sun sha ganin sunan Caffe Bene. Ni ma a nan na fara ganin sa, shi ya sa na bi diddiginsa.

Wani ɗan kasuwa, Kim Sun-kwon, ne ya buɗe shi a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a shekarar 2008. Ban da kofi, suna sayar da burodi da kayan sanyi. Tsarinsu shi ne mutum ya biya kuɗi a ba shi aron suna, ya buɗe reshe da jarinsa.

A 2012 suka shiga Amurka, suka buɗe shago a dandalin Times Square na New York. A shekarar suka shiga Sin, sannan ƙasashe irin su Filifin, Indunusiya, Malesiya da Saudiyya. Kafin 2014 ta ƙare, rassansu sun haura 1,000 a duniya.

To amma fa gudun ya yi yawa. Kamfanin ya ci bashi mai nauyi, rassan waje suka riƙa jawo asara, a gida kuma ga Starbucks da shagunan kofi masu araha. Mai shi ya rasa ikon kamfanin, a Janairun 2018 kuma suka nemi kotu ta ba su kariya daga masu bin bashi.

Babana kan ce a kara, tirelar shanun bashi ba taka ba ce sai ka biya. Duk mai shirin buɗe shago na biyu, ya fara lissafa na farkon tukuna.